Kujerar da Ba a Zama a Kanta: Ziyara Zuwa Ƙasar Tonawa



Wanda yake da goro a aljihu yanzu, ya ɗan lalubo shi. Dattijon da ke ƙofar gida da rediyo a gefen tabarma, da direban da ke tauna don korar barci, da uwar da aka aiko wa goron suna da safe, yau shirin naku ne. Kafin goron ƙasar Yarbawa ya cika kasuwanninmu, daga Gwanja kakanninmu suke ɗauko shi. Amma Gwanja kasuwa ce kawai. Itacen yana can kudu cikin kurmi, a ƙasar mutanen da Hausawa suka daɗe suna kira Tonawa. Su suna kiran kansu Asante, Bature kuma ya ce Ashanti.

Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Daga baya Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci. Madugu yana gaba, ayarin jakuna yana biye, an ɗauko kanwa da baƙin rini da jan fata, a yi watanni ana tafiya, a ƙetare Kwara, har a sauka Salaga. Alhaji Alhassan Ɗantata ma da goron wannan ƙasa ya fara kafuwa. Yau in ka shiga zangon Kumasi, babban birnin Tonawa, Hausa za ka ji kamar kana Fagge. Duk da wannan daɗewa, mu nawa ne za mu iya faɗin yadda masu masaukin namu suke naɗa sarki, ko wa ke gadon wa a gidajensu? An ci goron mutane shekaru ɗaruruwa, ya kamata a san su.

Tonawa reshe ne na wata babbar al'umma da ake kira Akan. A cikinta akwai Fante na bakin teku, da Akyem, da Akuapem, da Kwahu, da Bono, da Denkyira, da Nzema, har da Baule da Anyi a ƙasar Kwaddibuwa. Kusan rabin mutanen Ghana Akan ne, kuma harshen Twi da Tonawa ke yi shi ne aka fi ji a kasuwannin ƙasar. Mafi yawansu yau Kirista ne, akwai Musulmi a cikinsu, akwai masu addinin gargajiya. Abin da ya ɗaure su wuri guda ya fi fitowa a cikin wani ɗan ƙaramin abu da kowace uwar gida Bahaushiya take da irinsa a madafi, wato kujera 'yar tsuguno.

Bari in ba ku labarin yadda na fara gane haka. Wani abokina ɗan zango ya kai ni gaishe da wata tsohuwa Batoniya a wani ƙauye kusa da Kumasi. Muka shiga tsakar gida, aka ce mana akwaaba, wato maraba. Na hango wata farar kujera ta itace jingine da bango, na miƙa hannu zan daidaita ta in zauna. Sai abokin nawa ya kama gefen rigata a hankali, ya nuna mini benci. Bayan an ba mu ruwa mun sha, tsohuwar ta tambayi abin da ke tafe da mu, ko da yake ta riga ta sani, don a al'adarsu baƙo ba ya fara zance sai an tambaye shi dalilin zuwansa. Da muka fito ya yi mini bayani. Kujerar ta mai gidan ce, shi kaɗai. In ya tashi sai a jingine ta, don a wurinsu ruhin mutum yana tare da kujerarsa, ba a barin ta a sake wani abu ya hau.

Daga gungume guda ake sassaƙa ta, saman a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ƙafafun da zane mai ma'ana. Uba yakan ba ɗansa kujera in ya fara rarrafe. Yarinya in ta balaga a kan kujera ake zaunar da ita a yi mata biki. Ango yakan ba amarya don ta zauna daram a gidansa. Ranar da mutum ya cika kuma, a kan kujera ake masa wanka. Saboda haka in Batone yana zancen sarauta, ba ya cewa an naɗa wa wane rawani, cewa yake an ɗora shi a kan kujera. Ƙasa ta kujera ce, dukiyar gari ta kujera ce, sarki riƙo kawai yake yi.

Uwar dukkan kujeru ita ce Kujerar Zinariya, wadda suke kira Sika Dwa Kofi, wato kujerar zinariya da aka haifa ranar Jumma'a. A ƙarshen ƙarni na 17 garuruwan Tonawa a warwatse suke, suna biyan gandu ga sarkin Denkyira. Sai Osei Tutu, sarkin Kumasi, da abokinsa babban bokan nan Okomfo Anokye, suka tara sarakunan. Tarihin baka na Tonawa ya ce a wannan taro Anokye ya kirawo kujerar daga sama, ta sauko a kan cinyar Osei Tutu, ya kuma shaida wa jama'a cewa ruhin al'ummar gaba ɗaya yana cikinta. Mai saurare yana da damar ya ɗauki labarin saukowar yadda ya ga dama. Abin da ya biyo baya dai a rubuce yake: a 1701, a fagen Feyiase, haɗaɗɗun garuruwan suka karya Denkyira, aka kashe sarkinta Ntim Gyakari. A zamanin magajin Osei Tutu, Opoku Ware, ikon Kumasi ya kai har Gwanja da Dagomba, wato har bakin kasuwar da fatakenmu ke sauka.

Hikimar da ni na gani a nan ita ce, ba wanda ke zama a kan wannan kujera, har shi sarkin sarakuna da ake kira Asantehene. Ba ta taɓa ƙasa. In an fito da ita, kwantar da ita ake yi a kan tata kujerar, a gefen sarki, da tata laimar. Ranar hawan sabon sarki, saukar da shi ake yi kusa da ita sau uku a ɗaga, ba tare da jikinsa ya taɓa ta ba. Sarakunan Mampong da Juaben da Bekwai da Kokofu ba za su so su durƙusa wa ɗan'uwansu na Kumasi ba, amma sun yarda su yi mubaya'a ga abin da ya fi shi, wanda shi ma bara ne a gabansa.

To wa ke zaɓen wanda zai hau? A nan ne Bahaushe yakan buɗe baki, domin mace ce. A wurin Akan, jini daga uwa yake fitowa. Suna kiran sa mogya, kuma shi ke sa mutum cikin dangi, abusua. Manyan dangogin takwas ne, gidan sarautar Kumasi daga dangin Oyoko yake. Ɗan sarki ba ya gadon sarauta, don shi ɗan dangin uwarsa ne. Mai gado shi ne ƙanen sarki da suke ciki ɗaya, ko ɗan 'yar'uwarsa. Kusa da kowane sarki akwai uwar sarauta mai nata kujerar da nata fadawan da nata zauren shari'a. Ta Kumasi ita ce Asantehemaa. In kujera ta zama babu kowa, ita ke kawo sunan wanda ya cancanta, don ita ta san wa aka haifa a cikin wa. Masu zaɓen sarki suna iya ƙi. Tana da damar kawo suna har sau uku, in duk ba su gamsu ba sai su zaɓa da kansu daga cikin gidan. Ita kaɗai ce kuma ke iya tsawata wa sarki a bainar jama'a. Sarkin yanzu, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya hau a watan Afrilu na 1999, kuma mahaifiyarsa ce, Nana Afia Kobi Serwaa Ampem ta Biyu, take kan kujerar mata a lokacin, har ta rasu a 2016. Mutanen Daura, da suka san labarin Daurama da sarautar Magajiya, ba za su ji abin baƙo ƙwarai ba.

Kada a ɗauka uba ba shi da matsayi. Shi ke raɗa suna, daga gare shi ɗa ke samun abin da suke kira ntoro, wato hali da kwarjini, shi ke koya masa sana'a ya kuma yi masa aure. Amma kawu, wofa, shi ne babban bango. A garuruwan da suka riƙe tsohuwar al'ada, mata takan ci gaba da zama gidan danginta bayan aure, da yamma sai ka ga yara ɗauke da kwanon fufu da miyar kwakwar manja daga gidan uwa zuwa gidan uba.

Wannan tsari yana da daɗinsa, domin ba a samun ɗan da ba shi da dangi, kuma mace ba ta rasa gidan komawa. Yana kuma da ɗacinsa, musamman bayan da noman koko ya kawo kuɗi. Mutum zai yi shekaru yana share gona da matarsa da 'ya'yansa, ranar da ya mutu ɗan 'yar'uwarsa ya zo ya karɓe, a bar marayu hannu rabbana. Kukan ya yi yawa har gwamnatin Ghana ta Rawlings ta kafa dokar gado a 1985, wadda ta ware wa mata da 'ya'ya kaso mafi tsoka daga abin da mamaci ya tara da gumin kansa, in bai bar wasiyya ba. Dukiyar dangi kuwa tana nan a hannun dangi. A ganina gyaran ya yi daidai.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda aka ɗora ana iya sauke shi. Ranar hawa ana karanta wa sabon sarki gargaɗi a gaban jama'a: kada ya zagi mutane, kada ya tona asalin kowa, kada ya yi kunnen ƙashi, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. In ya saɓa, dattawan da suka ɗora shi suna da hanyar tuɓe shi. Ƙafar sarki ba ta taɓa ƙasa, don haka in aka zare masa takalma tafin ƙafarsa ya taka turɓaya, sarauta ta ƙare. Kuma ba a kan ƙananan hakimai kaɗai abin ya tsaya ba. An sauke Asantehene Kofi Karikari a 1874, an sauke Mensa Bonsu a 1883.

A fada kuwa, sarki ba ya magana da kai kai tsaye, kai ma ba ka yi da shi. Akwai okyeame, mai magana da yawun sarki, wanda ke karɓar zance ya gyara shi, ya yi masa ado da karin magana, sannan ya isar. Wanda ya saba jin dogarai suna cewa sarki ya gaishe ka ya san irin wannan. Okyeame yana riƙe da sanda mai kan zinariya, kuma abin da aka sassaƙa a kanta shi ma zance ne. Akwai wadda na daɗe ina kallo, hannu ne riƙe da ƙwai. Ma'anarta mulki kamar ƙwai yake, in ka matse ya fashe, in ka sake ya faɗi. A gaban idon sarki ake ɗaga ta kullum.

Sarkin da ya mutu a kan mulki da mutuncinsa, ana shafe kujerarsa da kunkunniya da ƙwanduwar ƙwai ta koma baƙa, a ajiye ta a ɗakin kakanni. Wanda aka tuɓe ba ya samun wannan. Kalandarsu tana zagayawa ne da kwana 42, kuma a kowane zagaye akwai ranakun Adae biyu, ɗaya Lahadi, Akwasidae, ɗaya Laraba, Awukudae. Da sassafe sarki yakan shiga ɗakin baƙaƙen kujerun, ya sauke mayafi daga kafaɗa kamar yadda talaka ke yi a gabansa, a zuba abin sha da abinci ana kiran sunayen magabata. Wannan ɓangare ibadarsu ce ta gargajiya, mu da muke Musulmi ba namu ba ne, amma sanin abin da maƙwabci ya riƙa yana hana ka taka shi ba da sani ba. Da rana sai a fito fili a fadar Asantehene ta Manhyia. Manyan laimomi suna juyi, gangunan fontomfrom suna rugugi, tagwayen atumpan suna kirari da harshen Twi kamar yadda kalangu ke kiran suna, masu rawar adowa suna magana da tafin hannu. In za ka gaisa da mutanen da ke zaune a jere, daga damanka za ka fara ka bi zuwa hagu. A kiyaye wannan, ana lura.

Ranar 28 ga Maris 1900, gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya taka abin da Tonawa suka fi girmamawa. Kafin nan Tonawa sun daɗe suna gwabzawa da Turawa. A 1824 sun kashe gwamna Charles MacCarthy a fagen fama. A 1874 Janar Wolseley ya ƙone Kumasi ya kwashe kayan fada. A 1896 aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, aka kai shi Saliyo, daga baya tsibiran Seshel. Duk wannan sun haɗiye. Sai Hodgson ya tara sarakunan da suka rage, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai a madadin sarauniyar Ingila. Mutane suka watse shiru. Wadda ta ta da su ita ce Yaa Asantewaa, uwar sarautar garin Ejisu, tsohuwa mai jikoki. An ce ta shaida wa mazan cewa in sun kasa, mata za su ɗauki bindiga. Suka yi wa gwamnan ƙawanya a ganuwar Kumasi wata da watanni, da ƙyar ya sulale ya tsira. A ƙarshe Turawa suka yi rinjaye, aka kai ta Seshel inda ta rasu a 1921, ƙasar kuma ta koma hannun Ingila a farkon 1902. Amma kujerar ba su same ta ba, an ɓoye ta a daji. Prempeh ya dawo gida a 1924, aka kuma maido da haɗin kan masarautar a 1935.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu. A cikin sojojin da Turawa suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe da su, a 1874 da 1900, akwai rundunonin da ake kira na Hausa. Kasuwar Salaga kuma ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da bayi, kuma Tonawa da fatakenmu duk sun sa hannu. Zumuncin yana da tabo, ta kowane ɓangare.

Yana kuma da zurfi. Tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai Musulmi a fadar Kumasi, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci suna yi masa addu'a. Tonawa suna kiran Musulmi Kramo. Babbar rigar yaƙin sarkinsu, batakari kese, cike take da layu gaba da baya. Wasu rubuce-rubucen Larabci da aka tsinta a sansanin Tonawa bayan yaƙin Katamanso a 1826 suna nan ajiye a ɗakin karatu na birnin Kwapanhegan a ƙasar Danmak.

In kuka saurari sunayensu za ku ji kamar a gida. Wanda aka haifa Jumma'a Kofi ne, wato Ɗanjuma, macen kuma Afua, Jummai ke nan. Kwame Ɗan'asabe ne, Ama Asabe. Kwasi Ɗanladi, Akosua Ladi. Yaw Ɗanlami, Yaa kuma Lami, ashe jarumar Ejisu Lami ce. Kwame Nkrumah ɗan Asabar ne, Kofi Annan ɗan Jumma'a. A rana ta takwas suke raɗa suna, a ɗiga wa jariri ruwa a harshe, a ɗiga barasa, a ce masa ya san bambancinsu, in ya ce ruwa ne ya zama ruwa ne. Gizonmu na tatsuniya ma yana can, sunansa Kwaku Ananse, da wayonsa da haɗamarsa, har tatsuniya gaba ɗaya sunansa take ɗauke da shi, anansesem. Bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa sun tafi da shi har Jamaika, yana can ana ba da labarinsa.

Kente kuwa kowa ya san shi. A garin Bonwire maza ke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, faɗin tafin hannu, kamar saƙar fari ta masaƙanmu, sannan a ɗinke. Kowane zane da sunansa, kuma a ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A Ntonso kuma ake buga adinkra da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya, da baƙin rini na ɓawon itace. Asalinsa tufafin makoki ne.

Makoki a ƙasar Tonawa babban al'amari ne. Ranar Asabar in ka bi gari za ka ga rumfuna, jama'a sanye da ja da baƙi, in mamacin ya tsufa ƙwarai kuma a sa fari. Ana kiɗa, ana rawa, ana shelar gudummawar kowa da lasifika. Gawa takan yi makonni ko watanni a ɗakin sanyi ana jiran dangi su hallara. Mu da muke kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, abin yana mana nauyi, kuma su kansu, da limaman coci da sarakuna, suna kuka da yawan kuɗin da ake kashewa. Amma na ga abin da ke ƙarƙashinsa: ranar ce abusua ke ƙirga kanta, ta ga wa ya zo wa bai zo ba, ta zauna ta fitar da magaji.

A 2024, shekara 150 bayan ƙone Kumasi, wasu daga cikin kayan da aka kwashe suka dawo. Gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya maido da guda 7 kyauta. Gidajen tarihi biyu na Landan suka kawo guda 32 na zinariya da azurfa, amma da sunan aro, na 'yan shekaru. Mai kaya yana aron kayansa, wannan bai yi mini daɗi ba, kuma ina fatan a gyara. Suna nan an baje su a gidan tarihin fadar Manhyia, a ginin da Turawa suka yi wa Prempeh bayan dawowarsa. Duk wanda Allah ya kai shi Kumasi, bayan ya sauka zango ya gaisa da 'yan'uwa, daga nan zuwa fadar ba nisa.

Agogo ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma arewa mu sauka Salaga, mu ji labarin Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rayu a can ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934.